Gidan Zu, Gona, Bakin Ruwa ko Wurin Lilo: Ina Ya Fi Dacewa a Kai Yara Yawon Yini Ɗaya a Hutun Bazara?

Hutun da makarantu ke bayarwa a watan Maris ko Afrilu gajere ne, mako ɗaya ko biyu, kuma yawancin iyaye suna bakin aiki a lokacin. Abin da ya fi yiwuwa shi ne fitar yini ɗaya, a tashi da safe a kwana a gida. Wuraren da aka saba zuwa ba su da yawa: gidan zu, gonar da ake barin yara su taɓa dabbobi, gidan tarihi ko cibiyar kimiyya, bakin ruwa, wurin lilo da injinan wasa, sai kuma lambun shaƙatawa ko yawo a cikin itatuwa. Kowanne yana da irin iyalin da ya dace da shi, kuma ana gane hakan ne tun daga gida, ta hanyar duba abu uku: shekarun auta, yawan manyan da za su je, da yanayin da za a wayi gari da shi.

Auta shi ke yanke tsawon yinin. Yaron da bai kai shekara 3 ba yana buƙatar barcin rana na awa 1 zuwa 2, kuma idan aka tsallake masa shi, daga ƙarfe 2 na rana sai kuka da rigima ko da a ina ake. Ɗan shekara 4 zuwa 6 zai taka kilomita 2 zuwa 3 idan ana tsayawa ana hutawa, bayan nan sai a kafaɗa. Daga 7 zuwa 12 ƙarfi ya samu, gundura ce ke kawo matsala. Idan an tsara fitar a kan abin da babban yaro ke so, ƙaramin ne zai dawo da kowa gida tun rana na tsaka.

Hanya ma tana da nata lissafin. Zaman mota, zuwa da dawowa, bai kamata ya fi lokacin da za a yi a wurin ba, kuma ga mai ƙananan yara minti 60 zuwa 90 a kowane ɓangare ya isa. Jariri kada ya wuce awa 2 a kujerarsa ta mota ba tare da an ciro shi ya miƙe ba. Tashin zuciya a mota ya fi kama 'yan shekara 2 zuwa 12, kuma dalilinsa shi ne ido yana kallon abin da ke tsaye yayin da cikin kunne ke jin motsi. Waya da littafi suna ƙara shi. Kallon hanya ta gaba, iska daga taga, da abinci marar maiƙo kafin tashi suna rage shi.

Gidan zu da gona

Gidan zu shi ne wurin da ya fi ɗaukar yara masu bambancin shekaru, domin ɗan shekara 2 da ɗan shekara 11 duk za su tsaya su kalli giwa. Amma yawancin masu dawowa suna cewa ba su ga komai ba, lokacin zuwansu ne ya jawo. Dabbobi sun fi motsi da sassafe da kuma yamma. Zaki yana shafe mafi yawan yini a kwance, kuma da rana ta take yakan shige inuwa ko ɗakinsa. Wanda ya shiga ƙarfe 12 ya biya kuɗin kallon kejin da babu kowa ne. A isa daidai lokacin buɗe ƙofa, a tambayi jadawalin ciyar da dabbobi, a zaɓi guda ɗaya ko biyu a tsara yinin a kansu.

Babban gidan zu kan ci kilomita da dama na tafiyar ƙafa, shi ya sa ƙoƙarin ganin komai yake karya yara. Kowane yaro ya faɗi dabba biyu da yake so tun a mota, a nufi mafi nisa daga ƙofa tun ƙafa na da ƙarfi, a riƙa dawowa ana kusantar mafita yayin da gajiya ke shigowa. Keken tura yaro yana da amfani ko ga ɗan shekara 4 da ya daina hawansa, ga shi kuma yana ɗaukar jakar ruwa. Awa 3 zuwa 4 sun wadatar. Hatsarin da ke wurin kusan duk daga manya yake fitowa: ɗora yaro a kan shinge don ya gani da kyau, ko ba shi abinci ya miƙa wa biri. Biri yana cizo, yana kuma fizge abin da ke hannu da ƙarfin da yaro ba zai iya ja da shi ba. Aibin gidan zu shi ne yana fili, ana biya kan kowane mutum, kuma abincin da ake sayarwa a ciki ya fi na waje tsada, don haka a bincika tun da wuri ko suna barin a shiga da na gida.

Gona ta fi gidan zu ga 'yan shekara 2 zuwa 7, saboda ƙaramin yaro ya fi jin daɗin akuyar da ya shafa a kan damisar da ya hango daga nesa. Wurin ƙarami ne, awa 2 sun isa, ana iya komawa gida kafin lokacin barci. Ɗan shekara 10 kuwa cikin rabin awa zai fara tambayar yaushe za a tafi.

Abin da ya kamata a ɗauka da muhimmanci a gona shi ne tsafta. Dabba mai cikakkiyar lafiya tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su E. coli O157 da Cryptosporidium a gashinta, a shinge, da ƙasan da take takawa. Na farkon yana kawo gudawa da jini, kuma a wasu yara, musamman 'yan ƙasa da shekara 5, yana iya taɓa ƙoda. Sanitaiza ba ta kashe Cryptosporidium, ba ta kuma cire datti, don haka ba ta maye gurbin sabulu da ruwa mai gudana na daƙiƙa 20, babba na tsaye a kan yaron. Kada a ci ko a sha komai a wurin dabbobi, kada a shiga da bulumboti ko robar tsotso, a wanke takalma da tayoyin keken yaro bayan an fito, a sake wanke hannu. Idan gudawa ta kama yaro cikin mako 2 da zuwa, a gaya wa likita an je gona. Gonar da ba ta tanadi wurin wanke hannu kusa da dabbobi ba, a juya kawai. Mai juna biyu kuma ta nisanci tumakin da ke haihuwa da sababbin 'yan raguna, domin akwai cututtukan da ke jawo ɓari da ake ɗauka daga gare su, kuma a ƙasashe da yawa wannan hutu yana faɗowa daidai lokacin haihuwar tumaki.

Wuraren da ke da rufi

Gidan tarihi, cibiyar kimiyya da gidan kifaye su ne mafaka idan hadari ya haɗu ko zafi ya yi tsanani. Sai dai kowa ya san haka, shi ya sa ranar ruwan sama a lokacin hutu suke cika maƙil. A sayi tikiti ta intanet idan wurin yana ba da sa'ar shiga, a kuma duba ranar hutunsu, domin gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ran Litinin.

Bambancin da ke tsakaninsu shi ne ko ana taɓawa ko ba a taɓawa. Wurin da komai ke cikin akwatin gilashi ba na ɗan shekara 4 ba ne, za a yini ana cewa “bari” da “sauko”. Ya fi dacewa da 'yan 8 zuwa sama, su ma minti 90 ne iyakar hankalinsu. A zaɓi ɗakuna biyu ko uku, a ba kowane yaro aikin nemo abu 5 da aka rubuta masa a takarda, sai kallon ya zama farauta. Cibiyar kimiyya da ke da maɓallan dannawa da abin juyawa tana riƙe 'yan 5 zuwa 12 har awa 3. Ɗakin kallon taurari yana da duhu da ƙara, kuma ba a son fita a tsakiyar nuni, don haka a yi tunani kafin a shiga da ɗan ƙasa da shekara 4. Gidan kifaye shi ya fi sauƙi ga mai jariri, ga sanyi ga hanya ɗaya miƙaƙƙiya, amma ana gama shi cikin awa 2, kuma idan aka raba kuɗin shiga da wannan ɗan lokaci yana cikin mafiya tsada.

Bakin ruwa

Babu abin da yara ke so kamar ruwa, kuma babu zaɓin da ke neman manya su natsu kamarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna cikin waɗanda nutsewa ta fi kashewa. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, domin duk ƙoƙarinsa yana kan neman numfashi, kuma abin yana faruwa cikin ƙasa da minti ɗaya. Ruwan da bai wuce idon sawu ba ya isa ya halaka ɗan tatata idan ya kifa.

Ƙa'idar ita ce duk yaron da bai kai shekara 5 ba, ko bai iya ninƙaya ba, ya kasance inda hannun babba zai kai gare shi ba tare da ya taka ba. Yawan manya a wurin yana yaudara, kowa sai ya ɗauka wani na kallo. A naɗa mutum ɗaya da suna, ya ajiye waya, ya daina hira, a canje shi bayan kowane minti 15 ta hanyar faɗa masa baki da baki. Robobin da ake hurawa a sa a dantse kayan wasa ne, suna sacewa suna zamewa. Abin dogaro shi ne rigar ceto da aka zaɓa bisa nauyin yaron, a ɗaure ta tamau. Idan aka ɗaga ta daga kafaɗa ta haura kunnuwa, ta yi masa yawa.

Tsakanin wuraren ruwa, wurin ninƙaya da aka gina mai ma'aikatan ceto ya fi sauƙin kulawa: ana ganin ƙasa, an rubuta zurfi, ba igiyar ruwa. Tafki da kogi suna ɓoye rami da laka, kuma ƙasansu kan zurma farat ɗaya. A yankuna masu zafi ruwan da ke kwance yana iya ɗauke da tsargiya, wadda ke fitowa daga dodon koɗi ta shiga ta fata, ba sai an sha ruwan ba. A ƙasashe masu sanyi matsalar wannan lokaci daban ce: iska ta yi ɗumi amma ruwan bai bar sanyin hunturu ba, kuma faɗawa ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa mutum ya ja numfashi ba da sonsa ba, ko gwanin ninƙaya ne. A bakin teku a tsaya tsakanin tutoci masu ja da rawaya inda masu ceto ke gadi, a duba lokacin cikar teku, a kuma koya wa manyan yara cewa idan igiyar ruwa ta ja mutum ciki ba a kokawa da ita, ana yin iyo ne a gicciye, a layi ɗaya da gaɓa, har a fita daga cikinta. Da an ji tsawa kowa ya fito, kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

Hukuncin a nan ba shi da sassauci: idan yaran da ba su iya ninƙaya ba sun fi manya yawa, a bar bakin ruwa zuwa wani lokaci. Uwa ɗaya da yara uku ƙanana ba ta da idon da zai ishe su.

Wurin lilo da injinan wasa

Shi ne mafi tsada, kuma shi ne wanda aka fi zuwa da wuri fiye da kima. Ana shiga injinan ne da tsawo, ba da shekaru ba, saboda ƙarfen da ke riƙe mutum an ƙera shi ne don jiki mai wani girma. Iyakokin sun bambanta, amma yawanci ƙananan injina suna farawa daga wajen santimita 90 zuwa 100, matsakaita wajen 120, manya 130 zuwa 140. A auna kowane yaro a gida sanye da takalmi, a duba jerin injinan wurin, a ƙirga nawa zai iya hawa. Idan ba su kai rabi ba, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, ga kuma ɓacin ran yaron da aka mayar daga bakin ƙofa bayan ya bi layi. Kada a nemi dabarar ƙara masa tsawo, iyakar don ransa aka sa ta.

A lokacin hutu layin mashahurin inji yana iya kai awa guda don hawan minti 2. Ana rage wannan da zuwa tsakiyar mako, isa kafin a buɗe, da fara hawa wanda aka fi rububi. Abinci mai nauyi ya jira sai an gama da masu juyi. Akwai wata matsala da ba a cika hangowa ba: injina da yawa suna sharɗanta ƙaramin yaro ya hau tare da babba, don haka babba ɗaya mai yara biyu masu bambancin tsawo zai rasa wanda zai bar wa ɗayan. Wurin yana son manya biyu da yaran da duk sun haura santimita 120, wato galibi daga shekara 7 ko 8. A nan ne kuma yaro ya fi saurin ɓacewa. A ɗauki hoton kowanne da safe cikin kayan da ya sa, a rubuta lambar waya a saka masa a aljihu, a koya masa ya tsaya inda yake ya nemi ma'aikaci mai kayan aiki.

Lambu da yawon ƙafa

Wannan shi ne zaɓin da ake rainawa, alhali shi ya fi yafiya. Ba tikitin da za a yi asara idan yaro ya tashi da zazzaɓi, ba layi, ana tafiya lokacin da aka ga dama. Ga iyali mai jariri da ɗan shekara 3, ko babba ɗaya da yara da yawa, lambu mai shinge da wurin wasa ya fi duk sauran. A tabbatar da abu biyu kafin tashi, ban ɗaki da inuwa, domin rashinsu ne ke katse irin wannan fita. Manyan yara sai an zo musu da abin yi: ƙwallo, keke, ko abokinsu ɗaya. A taɓa ƙarfen zamiya da bayan hannu kafin yaro ya hau idan rana ta buɗe, kuma kada babba ya zame da yaro a cinya, ƙafar yaron kan maƙale a gefe nauyin babban ya karya ta.

Idan yawo za a yi cikin itatuwa, hanyar da ke zagayowa ta kilomita 2 zuwa 3 ta fi wadda ake zuwa a dawo ta kanta. Takalmi rufaffe da dogon wando, domin da ɗumi ya shigo macizai da kaska suke fitowa. Da an dawo a duba bayan kunne, cikin gashi, hammata, matsematsi da bayan gwiwa. Ana cire kaska da hantsaki, a kama ta dab da fata a ja a miƙe a hankali. Ƙona ta ko shafa mata mai yana iya sa ta ƙara zuba abin da ke cikinta a jiki. Yaro mai asma ya tafi da abin shaƙarsa, wannan lokaci ne da furanni ke sakin garinsu.

Abin da ke cikin jaka

Ko ina aka zaɓa, ruwa aƙalla lita 1 ga kowane yaro da lita 2 ga babba, a ƙara idan ana zafi, a kuma riƙa miƙa musu ba sai sun nema ba. Fitsari mai duhu ko daɗewa ba a yi ba alama ce ruwan jiki ya yi ƙasa. Abinci mai nama, ƙwai ko madara kada ya wuce awa 2 a waje, awa 1 kacal idan zafi ya haura digiri 32, sai dai idan yana cikin kula mai ƙanƙara. Man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama, a shafa minti 15 zuwa 30 kafin fita, a maimaita bayan awa 2 da kuma bayan an fito daga ruwa. Rana ta fi ƙuna tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, ko da akwai gajimare, kuma jaririn da bai kai wata 6 ba inuwa ce kariyarsa. A haɗa da kayan canji cikakku ga kowane ƙaramin yaro, leda biyu don amai da jiƙaƙƙun kaya, filasta, maganin zazzaɓi na yara da ma'auninsa, da ƙunshin gishiri da sukari na maganin gudawa.

Kada a bar yaro a mota a rufe ko barci yake, ko don a je sayen tikiti. Zafin cikin mota yana iya ƙaruwa da kusan digiri 11 cikin minti 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi, kuma sassauta gilashi ba ya hana hakan.

Sai lokacin komawa gida. A sa shi tun kafin a fita, wajen ƙarfe 2 ga masu ƙanana, ƙarfe 4 ga masu manyan yara, a gaya musu saura minti 15, sannan saura 5. A ajiye gorar ruwa ɗaya da ɗan abin taɓawa a mota waɗanda ba za a taɓa ba sai a hanyar dawowa, kowa ya shiga ban ɗaki kafin a hau, kuma idan manya biyu ne masu tuƙi, wanda bai yini yana ɗaukar yaro ba shi ya karɓi sitiyari.